Ƙullutu A Ƙirji: Aikin Likita Ne, Ba Na Sakiya Ba

Duk mahaucin da ke aiki a mayankar Oko-Oba ta Agege ya san cewa naman da ke jikin saniya ba iri ɗaya ba ne. Akwai jan nama na cinya da gadon baya da wanda ke manne da haƙarƙari, akwai kuma wani fari-fari mai danƙo da ke jikin hanji da tumbi da mafitsara da mahaifa, wanda masu sayen kayan ciki suke nema. Likitoci ma kusan haka suka raba tsokar jikin ɗan Adam. Jan nama shi ne tsokar da mutum ke sarrafawa da nufinsa, ya ɗaga hannu ko ya taka ƙafa. Ɗayar kuwa ba ta jiran umarnin kowa. Ita ke tura abinci cikin hanji ko da mutum yana barci, ita ke matse mahaifa ranar naƙuda, ita ce kuma ke tsuke jijiyar jini ko ta sake ta. Idan aka duba jan nama da madubin likita sai a ga ratsi-ratsi a jikinsa, amma wannan sumul take, ba ratsi ko ɗaya. Don sauƙin bayani, a nan za a riƙa kiranta farar tsoka.

Wani lokaci ƙwayoyin halittar wannan farar tsoka sukan yi ta hayayyafa a wuri guda ba bisa ƙa'ida ba, har su dunƙule su zama ƙari mai tauri kamar ƙwallon goruba. Sunansa a bakin likitoci layomayoma, kalma ce ta Girkanci mai nufin kumburin tsoka mai sumul. Wani shahararren likitan Jamus, Rudolf Virchow, shi ya fara bayyana irinsa da ke fitowa a fata cikin shekarar 1854. Wannan ƙari ba ciwon daji ba ne. A hankali yake girma, yana ture naman da ke kewaye da shi, ba ya cin sa. Idan an cire shi ɗungurungum, galibi an rabu da shi ke nan.

Mata sun fi kowa sanin wannan cuta, ko da ba su san sunanta ba, domin ƙarin mahaifa da ake ce wa faibiroyid shi ne layomayoma na mahaifa. Wani bincike da aka buga a Amurka cikin 2003 ya nuna cewa kafin su cika shekara 50, fiye da kashi 80 cikin 100 na baƙaƙen mata sun sami wannan ƙari a mahaifa, fararen mata kuwa kusan kashi 70. A asibitocin Legas aikin cire shi na yau da kullum ne. Amma ya fito a bangon ƙirji, watau kejin nan na haƙarƙari 24 da ƙashin ƙirji da tsoka da tantanin da ya shimfiɗe ta ciki, wannan abu ne da ba safai ake gani ba. Likita zai iya gama aikinsa har ya yi ritaya bai gamu da ko ɗaya ba. Saboda ƙarancinsa ne ma idan an sami mutum ɗaya mai shi a wani asibiti, likitocin wurin sukan rubuta labarinsa a mujallar likitoci, kuma an sami irin waɗannan rahotanni daga ƙasashe kamar Japan da Sin da Turkiyya.

Dalilin ƙarancin a fili yake. Bangon ƙirji jan nama ne da ƙashi da guringuntsi, farar tsokar da ke cikinsa kaɗan ce ƙwarai. Akwai ta a jikin ƙananan jijiyoyin jini, akwai ta a kan nono, akwai ta kuma a gindin kowane gashi, ita ce ke jan gashi ya miƙe idan tsikar jikin mutum ta tashi. Masana sun fi zaton cewa wanda ke fitowa can ciki, tsakanin haƙarƙari da tantanin huhu, daga jikin jijiyar jini yake tsirowa. Irin wannan na ciki sau da yawa ba ya nuna kansa a waje sam. Sai dai mutum ya riƙa jin ciwo a gefen ƙirji, ko kuma a gano shi kwatsam a hoton ƙirjin da aka ɗauka don neman aiki ko don tari.

ƘULLUTU SUNA NE KAWAI

Mai karatu zai iya cewa, to, abin da ba daji ba ne kuma ba a cika samunsa ba, me ya sa za a ɓata takarda a kansa? Amsar ita ce, babu wanda ya isa ya dubi ƙullutu a ƙirji, ko ya latsa shi da yatsa, ya ce wannan layomayoma ne. Ko babban likita bai isa ba. Abubuwa masu yawa suna fitowa a ƙirji da kama ɗaya, wasunsu ba komai, wasunsu kuwa suna kisa.

Akwai ƙarin kitse, mai laushi, mai zamewa a ƙarƙashin fata, shi ne ya fi yawa kuma ba shi da haɗari. Akwai tsiron ƙashi ko na guringuntsi a jikin haƙarƙari. Akwai kumburin da tarin fuka ke kawowa, inda mugunya kan taru a bangon ƙirji ba tare da zafi ko ja irin na maruru ba, kuma wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan, tun da Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa a Afirka yawan masu tarin fuka. Maganinsa ƙwayoyi ne na wata 6 ko fiye, kyauta ake ba da su a asibitocin gwamnati. Akwai sankarar mama, wadda kan kama maza ma jefi-jefi. Akwai dajin da ya taso daga wani wuri, kamar huhu ko ƙoda, ya sauka a haƙarƙari. Sa'an nan akwai mugun ɗan'uwan layomayoma kansa, mai suna layomayosakoma, wanda daga farar tsoka shi ma yake fitowa amma daji ne sosai, yana bin jini ya tafi huhu. Littattafan likitocin ƙirji sun nuna cewa a cikin ƙarin da ke tsirowa daga bangon ƙirji kansa har ya kai ga hannunsu, kimanin rabi ko fiye mugaye ne. Ashe kuwa wanda ya zauna a gida yana cewa nasa mai sauƙi ne, caca yake yi da ransa.

A unguwannin Hausawan Legas, daga Zangon Agege zuwa Mile 12 da Alaba Rago da Idi-Araba, akasarin mazaje da ƙarfinsu suke ci. Ɗan dako da ya ga ƙullutu a gefen ƙirji sai ya ɗora laifin a kan buhun albasa, mai turin baro ya ce hannun baro ne ya buge shi, jini ya kwanta. Daga nan sai wurin wanzami a yi ƙaho, in bai sauka ba a yi tsaga a cusa magani, in ya ƙi a nemi mai sakiya. Wanzamai mutane ne masu daraja a cikin al'umma, kuma sana'arsu ta gado ce. Amma ƙirji ba cinya ba ne. A ƙarƙashin kowane haƙarƙari akwai jijiyoyin jini biyu da jijiyar ji guda suna tafiya tare, kuma a jikin siririn mutum tazarar da ke tsakanin fata da tantanin huhu ba ta wuce kaurin yatsa ɗaya ko biyu ba. Idan ƙarfe ya huda wannan tantani, iska takan kutsa ciki, huhu ya motse kamar balan-balan da aka soka wa allura, numfashi ya gagara. Akwai ma wani kumburi, wanda ya yi ƙaranci yanzu amma tsofaffin likitoci sun san shi, inda babbar jijiyar da ke fita daga zuciya kan buɗe saboda tsohon tunjere, ta cinye ƙashin ƙirji ta bayyana a waje tana bugawa. Wanda ya soki wannan, mai shi ba zai kai bakin titi ba. Ban da wannan kuma, aska ɗaya a jikin mutane da yawa hanya ce ta ciwon hanta da ƙanjamau.

Ko da ba a huda komai ba, sakiya ba ta da abin da za ta yi wa layomayoma, domin babu ruwa a cikinsa balle ya tsiyaye. Dunƙulen nama ne. Abin da za a samu shi ne gyambo a kan ƙari. Idan kuwa aka yi rashin sa'a daji ne, tsagar nan ta watsa ƙwayoyinsa cikin naman da ke kewaye, kuma likitan da zai yi aiki daga baya tilas ya yanke wuri mai faɗi fiye da yadda da zai yanka.

"DAJI BA YA SON ƘARFE"

Wannan magana ta zauna daram a zukatan jama'a: wai ciwon daji ba ya son allura, ba ya son ƙarfe, da an taɓa shi sai ya haukace. Ita ce ke hana mutane da yawa yarda a ɗebi ɗan naman ƙari don gwaji, ita ce ke sa a sulale daga asibiti ana gobe aiki. Abin mamaki, wanda ya guji allurar likita saboda wannan magana sau da yawa shi ne zai miƙa ƙirjinsa ga ƙarfen sakiya.

Ba a rasa inda maganar ta samo asali ba. Mutum yakan yi shekara ɗaya ko biyu yana yawon magani, sai cuta ta gama bin jiki a kawo shi asibiti. A yi masa abin da za a iya, bayan 'yan watanni ya rasu, dangi su ce aiki ne ya kashe shi, alhali jinkiri ne. Allurar ɗibar nama kuwa likita kan soka ta ne ta wurin da ya san zai yanke ya zubar ranar aiki, don kada wani abu ya saura a hanyar da ta bi.

HANYAR ASIBITI

Hausawa sun daɗe a Agege. Cinikin goro da na shanu ne ya kawo su, jirgin ƙasa kuma ya ƙarfafa zaman bayan an haɗa Legas da Kano cikin 1912. Jikokin waɗannan fatake a yau suna zaune kusa da manyan asibitoci irin waɗanda mutumin ƙauye sai ya yi tafiyar yini kafin ya gani. Matakin farko shi ne ƙaramin asibitin unguwa ko Babban Asibitin Orile-Agege. Daga nan, idan abin na likitan ƙirji ne, za a ba da takarda zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jihar Legas da ke Ikeja, wanda da shi ne Babban Asibitin Ikeja kafin a mai da shi na koyarwa cikin 2001, ko kuma Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas da aka buɗe cikin 1962 a Idi-Araba, inda Hausawan unguwar ke maƙwabtaka da katangarsa. Duka biyun suna da sashen aikin ƙirji da zuciya. Likitocin wannan fanni kaɗan ne a ƙasar nan, saboda haka akwai jira, kuma wannan ma dalili ne na zuwa da wuri.

Likita zai tambayi yaushe ƙullutun ya fito, yana girma ko ya tsaya, da ciwo ko babu, akwai tari ko rama ko zufar dare. Zai sa a ɗauki hoton ƙirji, a gwada majina saboda tarin fuka, a duba ƙullutun da na'urar sikanin irin wadda ake duba masu ciki da ita, don a san ruwa ne ko nama. Sai babban hoto da ake kira siti-sikan, wanda ke nuna jiki yanki-yanki kamar an yayyanka burodi. A Landan aka fara amfani da wannan na'ura a kan marar lafiya cikin 1971, ta farko a Nijeriya kuwa an kafa ta a Asibitin Koyarwa na Ibadan cikin 1987. Ita ke nuna girman ƙarin, da ko ya ci haƙarƙari, da ko ya manne da huhu. Amma hoto komai kyansa ba ya faɗin sunan ƙari. Sai an ɗebi ɗan nama da allura mai kauri, bayan an kashe zafin wurin, an kai wa likitan da ke duba nama da madubi. Idan layomayoma ne zai ga dogayen ƙwayoyi sirara jere cikin dami-dami suna ratsa juna, ya zuba musu wani rini na musamman da farar tsoka ke kamawa don ya tabbatar. Sa'an nan ya ƙirga nawa ne a cikinsu ke rabuwa biyu, ya duba ko akwai wurin da naman ya mutu, domin da waɗannan ake bambanta shi da mugun ɗan'uwansa. Idan ƙarin ƙarami ne, akan cire shi duka a kai shi gwajin gaba ɗaya.

Akwai abubuwa uku da ya kamata a gaya wa likita ko bai tambaya ba. Na farko, mace ta faɗa idan an taɓa yi mata aikin ƙarin mahaifa, domin tun 1939 wani likitan Amurka mai suna Steiner ya bayyana yadda, a wasu mata ƙalilan, ƙwayoyin wannan ƙari kan bi jini su sauka a huhu su tsira, duk da cewa ba daji ba ne. Na biyu, mai ɗauke da ƙanjamau ya faɗa, domin raunin garkuwar jiki kan sa ƙarin farar tsoka ya fito a wuraren da ba a saba gani ba. Na uku, idan ƙullutun ƙanana ne da yawa a fatar ƙirji ko baya, masu zogi idan an taɓa su ko idan sanyin hunturu ya buge su, kuma matan gidan suna yawan samun ƙarin mahaifa tun da ƙuruciya, to wannan na iya zama na gado. An bayyana irinsa cikin 1973, aka gano ƙwayar gadon da ke jawo shi cikin 2002, kuma masu shi ana duba musu ƙoda a kai a kai saboda wani mugun dajin ƙoda da ke tafiya tare da shi.

Game da mata akwai wata matsala dabam. Ƙullutu kusa da mama abu ne da kunya kan sa a ɓoye, har a ɓoye wa miji. Wadda ta faɗa kuma wani lokaci sai ta jira izini da kuɗin mota. Maigidan da aka gaya wa irin wannan magana bai kamata ya bar ta ta kwana biyu ba, kuma a asibiti mace tana da ikon neman a sa ma'aikaciyar jinya ko 'yar'uwarta ta tsaya a ɗakin lokacin da ake duba ta.

YADDA AKE AIKIN

Babu ƙwaya ko allurar da ke narkar da layomayoma na bangon ƙirji. Maganinsa wuƙa. Likitoci kuma sun fi son a cire shi ko ba ya ciwo, saboda dalili biyu: yana ci gaba da girma har ya danne huhu ko ya tura haƙarƙari, kuma ɗan naman da allura ta ɗebo bai isa ya wanke dukan ƙarin daga zargi ba.

Na fata ko na kan nono aiki ne ƙarami. A kashe zafin wurin, a yanke, a ɗinke, mutum ya koma gida ran nan. Na ciki shi ne babban aiki, kuma shekaru ɗari da 'yan kai da suka wuce likitoci tsoronsa suke ji, saboda matsalar nan ta motsewar huhu da zarar an buɗe ƙirji. Cikin 1904 wani likitan Jamus, Ferdinand Sauerbruch, ya gina wani ɗaki na musamman a birnin Breslau wanda ake zuƙe wani abu daga iskar cikinsa. Likita da gangar jikin marar lafiya suna ciki, kan marar lafiyar yana waje ta wata kafa. Dabarar ta yi aiki amma wahalarta ta yi yawa. Abin da ya warware matsalar shi ne zura bututu cikin maƙogwaro a riƙa hura wa huhu iska. Cikin 1949 wani likitan Suwidin, Eric Carlens, ya fito da bututu mai hanya biyu, wanda daga baya ya ba likitoci damar kwantar da huhu ɗaya da gangan su yi aiki a gefensa, ɗayan yana numfashi. A ƙasar nan ma aikin ƙirji ya daɗe da kafuwa, domin tun watan Fabrairu na 1974 aka yi aikin buɗe zuciya na farko a Asibitin Koyarwa na Inugu, inda Farfesa Fabian Udekwu ya yi aiki tare da Magdi Yacoub, ɗan Masar mazaunin Ingila. Cire ƙari a haƙarƙari bai kai wannan wuya ba.

Ranar aiki marar lafiya ba ya cin abinci na aƙalla awa 6. Akan sa shi barci, a kwantar da shi a gefe ɗaya. Idan ƙarin yana ta ciki kuma bai kama ƙashi ba, akan iya cire shi ta ƙananan kafofi biyu ko uku, a zura madubi mai fitila ta ɗaya ana kallo a talabijin, kayan aiki ta sauran. Asalin wannan dabara ta leƙa cikin ƙirji wani likita ne a Stockholm, Hans Jacobaeus, cikin 1910, amma sai a farkon shekarun 1990 ta bunƙasa da zuwan ƙananan kyamarori. Ciwonta kaɗan ne, kwanan asibiti ma kaɗan, sai dai ba kowane asibiti ke da kayan ba. Idan ƙarin babba ne, sai a tsaga tsakanin haƙarƙari biyu a buɗe.

Ƙa'idar aikin ita ce a fitar da ƙarin sukutum, ba a fasa shi ba, tare da ɗan lafiyayyen nama a kewayensa. Idan ya manne da haƙarƙari, sai a yanke wannan yanki na ƙashin a fitar da su tare. A nan ne ribar zuwa da wuri take bayyana. Ƙarin da ba daji ba ɗan gefe kaɗan ake haɗawa da shi. Na daji kuwa likitocin ƙirji da yawa sukan bar tazarar santimita 4 a kowane gefe, su haɗa da haƙarƙari ɗaya a sama da ɗaya a ƙasa.

Ramin da aka bari, idan bai kai santimita 5 ba, watau kamar inci 2, tsokar wurin ta isa ta rufe shi. A baya, ƙarƙashin allon kafaɗa, ko ya fi haka ma allon yakan kare shi. Amma babban rami a gaba ko a gefe tilas a toshe shi, in ba haka ba wurin zai riƙa faɗawa ciki duk lokacin da mutum ya ja numfashi. Akan ɗinka wata raga ta roba mai ƙarfi, irin wadda ake gyaran gwaiwa da ita tun wajen ƙarshen shekarun 1950, a ɗaure ta tam kamar fatar ganga. Wani lokaci akan sa wani siminti na musamman na ƙashi tsakanin raga biyu, ko sandunan ƙarfe marasa tsatsa. Sa'an nan a juyo faffaɗar tsokar baya ko ta ƙirji, da jijiyar jininta a jiki, a lulluɓe wurin. Wani likitan Italiya mai suna Tansini ne ya nuna wannan dabara ta juyo tsokar baya cikin 1906.

BAYAN AN FITO

Marar lafiya zai farka ya ga roba ta fito daga gefen ƙirjinsa ta shiga wata kwalba mai ruwa a ƙasan gado. Kada dangi su tsorata. Ita ke fitar da iska da jinin da suka taru don huhu ya sake buɗewa, ruwan kwalbar kuma shi ke hana iska komawa. Ba a ɗaga kwalbar sama da ƙirji, ba a zubar da ruwanta, wannan aikin nas ne. Bayan 'yan kwanaki akan zare robar.

Aikin haƙarƙari yana da zafi, kuma a nan jarumtaka ba ta da amfani. Wanda ya daure ya ƙi neman maganin ciwo ba zai iya jan dogon numfashi ko yin tari ba, majina ta kwanta, ciwon huhu ya shigo. Shi ya sa ake tashin marar lafiya ya zauna ya taka tun washegari, a sa shi ya rungumi matashin kai ya yi tari, wani lokaci a ba shi balan-balan ya yi ta hurawa. Mai shan taba ya kamata ya bari makonni kafin aiki. Wurin ɗinkin yakan yi dindiris ko ya riƙa tsikari na wasu watanni, saboda jijiyar da ke bin haƙarƙari. Baƙar fata kuma tana da saurin yin tabo mai tudu, musamman a tsakiyar ƙirji, don haka wanda ya san jikinsa na yin haka ya faɗa tun kafin a yanka.

Babbar wahalar ɗan dako ita ce hutu. Wanda aka taɓa masa haƙarƙari ba zai ɗauki kaya mai nauyi ba har wajen mako 6 zuwa 8, wani ma fiye, kuma mai cin abinci da ƙarfinsa idan bai fita ba tukunya ba ta hau wuta. Ga kuɗin hoto, ga na gwaji, ga na aiki, ga jinin da akan nemi dangi su bayar. Wannan ne ke sa wasu su ce gara su tafi gida a yi na gargajiya. A irin wannan hali ne ƙungiyoyin 'yan kasuwa da masallatan unguwa da fadar Sarkin Hausawa suka saba haɗa gudummawa, kuma gudummawar ta fi amfani a lokacin da ƙari yake kamar goro fiye da lokacin da ya zama kamar gwanda. Jihar Legas tana da inshorar lafiya mai suna Ilera Eko, dokar ƙasa ta 2022 kuma ta wajabta inshorar lafiya a kan kowa, amma sai mutum ya tambaya tun da wuri abin da katinsa ya ɗauka da abin da bai ɗauka ba. Wanda ba ya jin Turanci ko Yarbanci sosai ya tafi da wanda zai yi masa tafinta, kada ya sa hannu a takardar yarda da aiki sai ya gane abin da za a cire masa. Wanda kuma ya ga jinya a gida ta fi masa sauƙi saboda masu kula da shi, akwai Asibitin Malam Aminu Kano a Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, da na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato.

Saura abu ɗaya da ake yawan sakaci da shi. Ƙarin da aka cire ba na binnewa ba ne tukuna. Akan sa shi cikin ruwan magani a kai ɗakin gwaji, kuma a wasu asibitoci dangi ake miƙa wa robar su kai su biya. Wasu ganin an cire abu marar lafiya ya tashi, sai su ajiye robar ko su ƙi komawa karɓar sakamako. Alhali wannan takarda, wadda kan fito bayan mako biyu ko uku, ita ce ke faɗin ainihin sunan ƙarin da ko an cire shi duka. Idan ta ce daji ne, akwai sauran magani a gaba, kamar gashi da na'ura a cibiyar ciwon daji da aka buɗe a asibitin Idi-Araba cikin 2019. Idan ta ce layomayoma ne kuma gefensa ya fita tsaf, sai zuwa ganin likita lokaci-lokaci da ɗaukar hoto na wasu shekaru, domin ƙarancin masu irinsa a ƙirji ya sa likitoci suka fi son su ci gaba da sa ido. Takardar da hotunan a adana su cikin leda wuri ɗaya, kuma duk likitan da za a gani nan gaba, a Ikeja ne ko a Kano, a tafi masa da su.